Rabin Labarin Yaya Dije a Maiduguri

Har yau in wani ya tambaye ni yaushe ya kamata marubuci ya fara neman furodusa, raina ne ke fara ɓaci kafin bakina ya buɗe. Ba da mai tambayar nake fushi ba. Ina dai tuna ranar da ni na fara nema, da abin da ke cikin jakata a lokacin, da wadda abin ya faɗa wa a ka.

A Damaturu na fara zargin na yi wauta. Ranar Alhamis na bar Damagaram, na biyo ta Kano, kwana biyu ina hanya, muka iso bayan la'asar aka ce sojoji sun rufe hanyar Maiduguri sai da safe. Direba ya kashe mota ya yi tafiyarsa, ko sannu bai ce mana ba. Fasinjoji suka watse neman abinci, ni kuwa na zauna a gindin wata bishiya na ciro littafina, wai zan ƙarasa rubutu. Fitowa talatin da ɗaya ce a ciki, na rubuta su da hannu tsaf. Ta talatin da biyu lamba ce kawai a saman farar takarda. Na ce zan rubuta ta a Kano, na kasa. Na ce a Potiskum, na kasa. A Damaturu ma na riƙe biro har aka kira magariba ban ɗiga ko harafi ɗaya ba. Ga shi saƙon da na tura wa mutumin da zan je wurinsa yana nan a wayata, da yatsana na rubuta shi: "Ina da cikakken labari, an gama shi."

Labarin ba nawa ba ne, na yayata ne, Yaya Dije, wadda ta goye ni. Ta yi aure a wani ƙauyen masunta can bakin babban tafkin kan iyaka, ɓangaren Najeriya. Shekarar da mutanen daji masu bindiga suka tashi garuruwan nan, mijinta yana cikin waɗanda ba su fito ba. Ita ta fito a ƙafa da 'ya'ya biyu, Ali a baya, Bintu mai shekara shida tana riƙe da hannunta. Ta iso gidanmu da Ali kaɗai. Shekaru suka wuce babu wanda ya tambaye ta ina Bintu, don duk wanda ya kalli fuskarta ya san ba a tambaya.

Ni sunana Mutari, malamin lakwal ne, firamare ke nan a bakin mutanen Najeriya, kuma na daɗe ina son rubuta fim. Wata Juma'a tana tsintar shinkafa na ce mata, "Yaya, da za ki ba ni labarin tafiyarki, da na rubuta." Na zaci zagina za ta yi. Sai ta ce, "Kawo biro." Daga ranar, kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ta zo ɗakina da faifanta, tana tsinta tana faɗi, shinkafa na ƙarewa ta tashi, ko da a tsakiyar magana take. Wata bakwai muna haka. Na rubuta komai yadda ta faɗa, da sunayensu na gaskiya, da niyyar in na gama in bi in canza. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini, kada kowa ya gani sai na karanta mata daga farko har ƙarshe ta ce to.

Muka zo inda take tsallaka kogin Komadugu. Ruwa ya kai mata ƙirji, ta mayar da Ali wuyanta, Bintu na hannunta na hagu, ana harbi a bayansu. Nan ta tsaya. Juma'a ta zagayo, ta zo ta tsince shinkafarta tas ba ta ce uffan ba. Ta biyu ma haka. Ta uku ba ta zo ba sam. A cikin makonnin nan ne wani abokina ya cika mini kunne, wai ƙungiyoyin agaji na ɗaukar nauyin finafinai a Maiduguri, irin wannan labarin suke nema ido rufe, in ban yi sauri ba wani zai riga ni. Na samo lambobin furodusoshi na bi su da saƙo ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ya amsa, wani wai shi Oga Mala. "Ka zo da shi," abin da ya rubuto ke nan. Dogon hutun damina ya zo daidai, na ce wa mutanen gida Kano zan je neman littattafai.

Da safe aka buɗe hanya. Shinge bayan shinge, a sauko a nuna kati, kuma duk sojan da ya ga nawa na Nijar ne sai ya juya shi sau uku yana tambayar me na zo yi. Ziyara nake cewa.

Unguwar Gamboru ce masaukina. Mai keken da ya ɗauko ni daga tasha, yana jin Hausata ya gane baƙo ne, ya zagaya da ni rabin gari cikin caɓi, ya sauke ni a wurin da daga baya na gane tafiyar minti goma ce. Ban yafe masa ba, ko da yake a cikin waɗanda suka cuce ni a garin shi ne mai dama-dama. Maƙwabcinmu na Damagaram ne ya haɗa ni da wani dattijo Babarbare, Ba Modu, mai sarin busasshen tattasai daga Diffa. Na same shi zaune a kan buhu yana jan carbi.

"Wushe, Afuno," in ji shi, wato sannu Bahaushe. "Me ka kawo mana? Ban ga kaya ba."

"Labari na kawo, Baba. Na fim."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Labari ka ɗauko tun daga Damagaram ka kawo Maiduguri? Kowane gida a nan akwai shi buhu-buhu, mai saurare aka rasa." Ya yi dariya har hularsa ta karkace, sannan ya buɗe mini sito ya shimfiɗa mini tabarma tsakanin buhuna. Wata uku na yi a ɗakin nan ina atishawa, idanuna jawur, kuma ko sau ɗaya mutumin nan bai buɗe kwanon abinci ba tare da ya kira ni ba. Burabisko da miyar bandar kifi na ci har na saba. Abin da ban saba da shi ba Juma'a ce. In aka sauko masallaci sai kunnena ya riƙa jiran ƙarar shinkafa a faifai, in zauna kamar an doke ni.

Kwana uku ina kiran Oga Mala ba ya ɗauka. Na huɗu ya ɗauka.

"Wane Mutari? Oho, ɗan Nijar. Ka buga shi a kwamfuta, ni ba na karanta rubutun hannu." Ƙit, ya kashe.

Haka na samu kaina a Mairi, kusa da jami'a, inda shagunan buga takardu suke a jere. Uku na shiga, kowa ya ga Hausa ce sai ya ce in je wajen Madam Rifkatu, ita ce kaɗai ke sa wa haruffa ƙugiyarsu ba tare da an tsaya mata a ka ba. Mutuniyar wajen Biu ce, mai furfura a gefen ɗankwali, ta ce shekara da shekaru ita ke buga takardun cocinsu da Hausa, a nan hannunta ya faɗa. Kwana biyu tana buga nawa, ina zaune a benci ina kallon ɗalibai na shige da fice. Da farko tana yi tana hira da maƙwabciyarta. Can ta daina hirar. Da ta kai shafin kogi sai ta cire tabarau ta ajiye.

"Ɗana, ina sauran?"

"Yana kaina, Madam."

"A kanka, ko a bakin mai shi?" Ta nuna allon kwamfutar. "Wannan ba ƙirƙira ba ce. Mai ƙirƙira ba zai san yarinya ta fito da silifas ƙafa ɗaya ja ƙafa ɗaya kore ba. Mu ma mun bar namu a hanya, na san yadda ake faɗinsa. Matar nan tana raye?"

Na ce tana raye.

"To ka koma gida. Ka bari ta gama, ka rubuta, ka ajiye shi ya huce, ka sake karantawa, ka cire sunayen mutane. Ka ba wanda ba ya jin kunyarka ya karanta. Sannan ka nemi mai kuɗi. Na buga wa 'yan fim takardu ba adadi a shagon nan, ban taɓa ganin wanda ya kai musu rabin abu ya dawo yana murna ba."

Haushinta ya kama ni, ba zan ɓoye ba. A raina na ce ji mata, mai buga takarda ce za ta koya mini aikina. Na ce mata na gode, a dai buga mini. Ta sa sunana da lambar wayata a ƙasan kowane shafi, ta karɓi kuɗin takarda kaɗai, ta ce kada in kuskura in bar wa kowa su ya kwana da su.

Unguwar Maisandari, inda Oga Mala yake, tana can gefen gari. Ofishin Oga Mala gida ne mai baƙin get, janareta na ruri a tsakar gida. Na je da hantsi aka ce in zauna a benci, na zauna har la'asar. Washegari ma haka. Rana ta uku aka shigar da ni. Oga Mala gajere ne mai jiki, farar shadda, turare kamar an juye masa kwalba, waya biyu a gabansa. Akwai mutum biyu tare da shi, daraktansa da wani da ban ga aikinsa ba sai dariya. Ya karɓi takardun yana karantawa yana latsa waya. Wajen shafi na goma ya kife wayar ya gyara zama. Na ga haka zuciyata ta yi fari, ni sakarai.

Ya kai ƙarshe, ya juya bayan takardar, ya leƙa ƙarƙashin tebur kamar wata ta faɗi.

"Ina sauran?"

"Gyara kawai ya rage, ranka ya daɗe."

"Cikakke ka ce mini." Ya jingina da kujera. "To ba komai, faɗa mana da baki. Ai haka ake yi, marubuci ya ba da labari a ji. Tana cikin ruwa, yaro a wuya, yarinya a hannu. Sai me ya faru?"

Na tsaya ina kallon takardun. Mai dariyar nan ya ce wani abu da Barbarci, suka kwashe. Ɗakin da sanyi amma zufa ke bin bayana. Na tuna kwana biyun mota, da ƙaryar da na yi a gida, da Ba Modu da zai tare ni da tsokana in na koma hannu biyu. Abin da ya kamata in ce bai fi ƙarfina ba, in ce ban sani ba tukuna. Girman kai ya riƙe mini baki.

"Ruwa ya fi ƙarfinta," na ce. "Ta ga in ta riƙe biyun duk za su tafi. Sai ta zaɓi namijin. Ta saki hannun Bintu."

Wallahi ban san daga ina maganar ta fito ba. Yaya Dije ba ta taɓa faɗa mini haka ba, ko alamarsa ba ta nuna ba. A tsaye na ƙera shi don kada mutum uku da ban sani ba su yi mini dariya.

Oga Mala ya dubi daraktansa ya ce, "Ka ji fim." Ya tashi ya ba ni hannu, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya ce in bar masa takardun ya nuna wa mutanen ƙungiya, nan da mako za a kira ni a sa hannu. Maganar Madam Rifkatu ta faɗo mini a rai, na ture ta. Na bar masa.

Mako ya wuce. Na kira, yana taro. Na sake kira, ya yi tafiya. Na je, mai gadi ya ce ba ya nan, alhali ga motarsa ina gani ta ramin get. Tun ina sa riga mai guga in zan je har na daina. Da rana ina taya Ba Modu auna tattasai, yana ce wa masu saye ga marubucinsa nan, kowa ya sayi buhu za a sa shi a fim. A mako na huɗu saƙo ya shigo: "Ba su karɓa ba. Sai wani jiƙon." Na ce to a ba ni takarduna. Aka ce sun ɓata a ofishin ƙungiya.

Bayan kwana biyu Madam Rifkatu ta kira ni, ta ce in zo yanzu. Na tarar da ita a tsaye a bakin shago.

"An kawo mini aikin Hausa ɗazu," in ji ta, "wani mai yawan dariya. Ina buɗewa na gane bugun hannuna. Sun sa reza sun yanke ƙasan kowane shafi, inda sunanka yake. Sun ƙara shafi huɗu da biro a ƙarshe, sun sa sunan ogansu a sama. Na ce ya kwashe kayansa ya fita mini." Ta dube ni ta saman tabarau. "Na karanta shafi huɗun kafin in mayar. Matar nan da gaske ta saki yarinyar?"

Na kasa dubanta. Ta gane, ta ce, "Wayyo ɗana." Ta ɗebo mini ruwa a kofi, ta tsaya har na shanye.

Wannan karon ban zauna a benci ba. Na jira har aka buɗe get mota za ta fita, na kutsa, na same shi a tsakar gida.

"Oga, ka yanke sunana."

"Wane suna? Yi a hankali mana." Ko gezau bai yi ba. "Kai rabin abu ka kawo. Mu muka zauna muka sa masa kai da ƙafa."

"Ƙarshen ma ni na faɗa maka."

"Da baki. Nuna mini inda ka rubuta."

Na ji kamar in shaƙe shi. Mutumin da bai taɓa jin yadda muryar Yaya Dije ke rawa ba, wanda bai zauna wata bakwai yana jiran shinkafa ba, shi ne tsaye a gabana yana ƙamshi yana ce mini shi ya sa wa labarinta kai da ƙafa. Amma na haɗiye, don a lokacin suna ya daina damuna.

"Na bar maka sunan," na ce. "Ka sa na wanda ka ga dama. Abu biyu nake roƙo don Allah. Ka canza sunan Dije da Bintu, ka cire sakin hannun nan. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana raye. Ƙarya na yi maka, ban san abin da ya faru a cikin ruwan ba."

Na zaci zai ji kunya, ko tausayi. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Ashe labarin gaskiya ne? Ka ga tun farko da ka faɗa. Ai abin da mutanen ƙungiya suke nema ke nan."

Da bakina na ƙara masa. Na fara ɗaga murya, na kira shi ɓarawo, na kira shi maci amana, na ce sai na kai shi ƙara duk inda ake kaiwa. Ya bari na gama, sannan ya matso kusa ya yi ƙasa da murya.

"Malam, kai baƙo ne. Katinka ma ba na ƙasar nan ba ne. A garin nan baƙon da ba a san abin da ya kawo shi ba, yana yawo yana tambayar hanyoyin bakin tafki, magana ɗaya ta ishe shi. Ka koma gida lafiya."

Na san ba wasa yake yi ba. Na fita. Da na gaya wa Ba Modu, ranar ce kaɗai bai tsokane ni ba. Washegari ya sa babbar rigarsa ya rufe shago, ya tafi Maisandari da kansa, dattijo mai ciwon gwiwa. Ya dawo bayan la'asar ya zauna a kan buhu yana murza gwiwarsa. Can ya ce, "Na yi masa magana da harshen uwarsa, Afuno. Bai ji ba. Ka yi haƙuri, a garinmu aka yi maka." Shi da bai yi mini komai ba shi ke ba ni haƙuri.

Na kasa tafiya. Kullum ina cewa gobe zan samu wanda zai tsayar da abin. Na je wajen wani lauya, ya tambaye ni ko na yi wa rubutun rajista, ko akwai takardar yarjejeniya, ko akwai cikakken kwafi mai kwanan wata. Babu, babu, babu. Ya ce to da me zai shiga kotu, da littafin da bai ƙare ba?

Wata safiya na ga mutane na tururuwa zuwa kogin da ya ratsa bayan Gamboru, aka ce fim ake ɗauka. Na bi su. Ga kyamara a kan gaɓa, ga wata jaruma cikin ruwa har ƙirji da 'yar tsana a wuya, ga wata ƙaramar yarinya a hannunta na hagu. Kafin a sa yarinyar a ruwa na ga ƙafafunta, silifas ɗaya ja ɗaya kore. Darakta na riƙe da lasifika yana cewa, "Dije, saki hannun. A'a, ba haka ba, ki kalle ta tukuna sannan ki saki. A sake." Sau shida suka sake. Masu kallo na cin gyaɗa. Ban san lokacin da na fara ihu ina kutsawa ba, sai ji na yi samari sun rirriƙe ni, wani na cewa a bar shi, wataƙila shi ma ya rasa nasa ne. Suka zaunar da ni a gefe, wata mata ta miƙo mini ruwan leda.

Gajeren fim ne, bai ɗauke su lokaci ba. Hutu na ƙarewa ya fito, ya shiga wayoyi. Madam Rifkatu ce ta nuna mini farkonsa ta kashe. An rubuta da manyan haruffa cewa wannan labari ne na gaskiya. Ba Modu ya cusa mini ƙullin tattasai a jaka ya raka ni har tasha. Duk tsawon hanya addu'ata ɗaya ce, in riga fim ɗin isa gida, in faɗa mata da bakina.

Ya riga ni da kwana tara.

Tun daga bakin layinmu na gane, don matan da ke jiran ruwa a famfo sun yi shiru da suka gan ni. Ranar Juma'a ce, an sauko masallaci. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, faifai a cinya. Ta amsa sallamata, ta tambaye ni hanya, ta tambaye ni Kano. Na durƙusa a gabanta.

"Yaya, ba Kano na je ba."

"Na sani. An kawo mini waya har ɗaki, an ce in ga kaina." Ba ta ɗago ba, tana ta tsinta. "Silifas ɗin ma sun samo daidai. Ali ya gani a wajen abokansa. Ya zo ya tambaye ni wai don shi na sake ta."

Na sunkuyar da kai.

"Abu ɗaya nake so in sani, Mutari. Wa ya ce musu na saki hannunta?"

Hanya a buɗe take. In na ce 'yan fim ne suka ƙara, za ta yarda, kowa ma zai yarda, kuma Oga Mala ya cancanci fiye da haka. Tun daga Damaturu nake shirya yadda zan faɗi hakan.

"Ni ne, Yaya."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta cire wani ɗan tsakuwa ta jefar.

"Ranar Alhamis ka tafi," ta ce. "Washegari na zo ɗakinka. Mako uku ina tattara ƙarfina, ranar na samu. Na zo da faifaina in ƙarasa maka, na tarar da kwaɗo a ƙofa."

Na ciro littafin daga jaka. "Ga shi, Yaya. Ko ba zan rubuta ba, ki faɗa mini, in bi gida-gida in gaya wa mutane gaskiya."

Sai a lokacin ta dube ni.

"Me zan faɗa? Ai ka riga ka gama."

Ta juye shinkafar a kwano, ta kaɗe faifan, ta shiga ɗaki.

Tana nan gidanmu. Muna gaisawa kowace safiya, tana zuba mini abinci, ta daina zuwa famfo. Littafin yana cikin akwatina, fitowa ta talatin da biyu har yau lamba ce a saman farar takarda. Duk unguwarmu sun yarda sun san abin da ya sami Bintu a cikin ruwan nan. Ni da na gaya musu, har yau ban sani ba.